Kujerar Garwa

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san ƙarar ƙananan jiragen da ke kewaya gari tun da sassafe, na ɗalibai masu koyon tashi da sauka. Mutanen gari sun daɗe da daina jin ta, yadda maƙwabcin mai injin niƙa yake daina jin injin. Malam Othniel ne kaɗai na sani da bai taɓa dainawa ba. Ko yana tsakiyar magana, jirgi na gittawa zai yi shiru, ya raka shi da ido har ya ɓace bayan darbejiyoyin bakin titi, sannan ya ɗauko zancensa daga inda ya ajiye shi.

Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya, ba ya rabo da alƙalami a aljihun gaba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awo a gonar gwaji ta Samaru. Masana su shuka wake ko dawa ko auduga a 'yan ƙananan filaye, kowanne da lambarsa. In kaka ta yi, a kawo masa abin da kowane fili ya bayar a cikin jakarsa, ya ɗora a sikeli, ya rubuta, ya ɗebi ɗan samfuri ya ƙulle a takarda ya sa lamba. Aikin ke nan, damina bayan damina, har ya shiga jikinsa, ya zama ba ya iya cewa "kusan". Matarsa Edith takan ce ko gishirin miya ka ba shi ya ɗanɗana, sai ya gaya maka da nawa ya wuce.

Ya yi ritaya a shekarar dubu biyu, bai yi wata uku a gida ba aka neme shi. Wani attajirin Sabon Gari, Cif Augustine, mai kamfanin gurzar auduga, ya sayi ƙaramin jirgi nasa na kansa, mai farfela ɗaya da kujeru shida, yana ajiye shi a wata rumfar kwano a gefen filin jirgin Zariya. Da shi mutanensa suke zuwa Maraɗi da Garwa da Njamena neman iri da kasuwa. Ƙaramin jirgi ba motar haya ba ne da za a ce a matsa a ƙara mutum ɗaya. Yana da nauyin da in aka wuce shi ba zai ɗaga ba, ko kuma ya ɗaga ya sauka inda ba a shirya ba. Don haka komai sai an auna, mai da buhu da jaka, da mutum har da takalminsa. Aka ba Othniel sikeli biyu, na rataye da na hawa, da tebur a bakin rumfar.

Matuƙin jirgin, Kyaftin Lanre, haifaffen Sabon Gari ne, Bayarabe da Hausar Zazzau a bakinsa, mai yawan dariya. Tun a watan farko ya lura da yadda tsohon yake tsayawa bakin rumfa bayan wani jirgi ya tashi, hannu a goshi, har sai sama ta koma wayam. Sai ya ce masa duk ranar da kujera ta ragu a tafiyar waje, tasa ce. Yana goge hannu da tsumma ya faɗa, irin maganar da mutum kan yi ya manta. Othniel kuwa washegari ya shiga motar Kaduna ya nemi fasfo, ya yi allurar shawara aka ba shi katinta mai ruwan ɗorawa. Ba kewayen Samaru yake so ba, wannan an sha yi masa tayi yana ƙi. So yake ya tashi daga ƙasa ɗaya ya sauka a wata, ya ji a jikinsa yadda ake ƙetare iyaka ba tare da ƙafa ta taka ta ba. Fasfon ya yi shekara biyar a ƙasan akwati har wa'adinsa ya ƙare babu hatimi ko ɗaya a ciki. Ya koma Kaduna ya sabunta shi.

Ba a ba da labarin Othniel a bar Kefas. Tare suka taso, aji ɗaya a makarantar mishan, rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi ɗaya. Kefas gajere ne mai faɗi, yana zaune a Jushi, yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago a unguwar PZ. Irin mutanen nan ne da duniya ke miƙo wa abu suna kallon wani wajen. Suna yara Othniel ya yi wata guda yana haddar waƙar Kirsimeti, ranar gwaji Kefas ya shigo a makare, ya buɗe baki, aka ba shi waƙar. Othniel ya yi wa dashen mangwaronsa ban ruwa rani uku ya bushe. Kefas ya sha mangwaro ya yar da ƙwallon a bayan ɗaki, yau inuwarsa ta rufe rabin gidan. Ba wanda ya taɓa jin Othniel ya faɗi mummunar magana a kan abokinsa. Yana ƙaunarsa, wannan babu shakka. Sai dai ƙaunar tana da 'yar tsakuwa a ciki, irin wadda kan ɓuya a shinkafar da aka tsince da kyau, ba a san da ita ba sai haƙori ya same ta.

Ba kuwa don Kefas bai sha wuya ba. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Jemimah, wadda ta auri wani ɗan Kamaru da ya yi karatun noma a Samaru, ya tafi da ita Garwa. Shekara guda bayan bikin ɗan acaɓa ya kaɗe Kefas a Kwangila, ƙugunsa ya karye ya ɗoru a karkace. Tun daga nan ba ya iya zaman mota fiye da awa biyu, hanyar Garwa ta Yola kuwa tafiyar kwana biyu ce. Jemimah ta zo gida sau biyu, sannan ɓari ya yi ta bin ta, likita ya hana ta doguwar tafiya. A farkon dubu biyu da shida ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan kakansa. Kefas ya ji kukansa a waya, yana tsaye ƙarƙashin lemar masu waya a bakin PZ, ya dawo shago ya kasa zura zare a allura har yamma.

A watan Maris na wannan shekarar Lanre ya ce wa Othniel akwai tafiya Garwa bayan Ista, kuma ɗaya daga mutanen kamfanin ba zai je ba. Kujera ta ragu.

Da Othniel ya riƙe bakinsa, da labarin nan gajere ne. Amma shekara sittin yana jiran ranar da zai zo wa Kefas da abin da Kefas ba shi da shi. Ya hau bas har PZ, ya zauna a bencin shagon, ya bari aka gama gaisuwa, aka yi maganar zafi, sannan ya sako zancen kamar ba komai ba. Kefas ya ajiye sukundireba. Bai ce komai ba sai sunan garin, ya maimaita shi a hankali. Othniel ya ji daɗin wannan shirun, ya tafi da shi gida yana juya shi a zuciya kamar alewa a baki. Bai kula ba cewa Bibiana, mai sayar da manja a rumfar da ke jikin shagon, ta daina zuba mai a kwalba tun da aka ambaci Garwa. Bibiana da matar Cif Augustine 'yan ƙauye ɗaya ne, kuma tana da ƙane a Garwa.

Kwana uku bayan haka Lanre ya sami Othniel a tebur, babu dariyar nan tasa. Ya ce madam, matar Cif, ta yi wa oga magana a kan wani tsoho da bai ga jikansa ba, oga ya ce a ba shi kujerar. Ya ce shi direba ne kawai, jirgin ba nasa ba ne. Ya ce akwai wata rana. Othniel ya ce ba komai, ya ci gaba da goge farantin sikeli, wanda ya riga ya goge.

Kefas ya zo har Samaru da sandarsa ya rantse bai roƙi kowa ba, Bibiana ce ta yi gaban kanta. Othniel ya san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ci masa rai, domin ko roƙon ma bai yi ba. Ya ce Allah ya sa a je lafiya. Sai Kefas ya saki jiki ya shiga tambayoyi. Ya ce shi fa tsoron abin yake ji, ko tsani ba ya son hawa. Ya tambaya ko tagar tana buɗuwa in mutum ya ji amai, ko ana iya cewa direba ya rage gudu. Ya tambayi inda ake yin fasfo da yadda ake cike takardar. Othniel ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, daidai, babu ragi, har da sunan layin da zai bi a Kaduna. Yana magana yana kallon Kefas. Mutumin da ko ɗaga kai bai taɓa yi ba in jirgi ya wuce.

Sati uku kafin tafiyar, shi da Lanre suka zauna suka yi lissafin nauyi. An cire kujeru biyu na baya don buhunan irin auduga. Ga mai cike da tanki, ga matuƙi, ga mutanen kamfani biyu, ga zafin Afrilu da ke sa iska ta yi sakwa-sakwa har fiffike ya rasa abin kamawa. Abin da ya rage wa Kefas, shi da kayansa gaba ɗaya, kilo casa'in ne. Lanre ya ce wa Othniel ya gaya wa abokinsa tun da wuri, don ya san halin mutanenmu da saƙo. Othniel ya ce zai gaya masa.

Ranar Lahadi aka yi sanarwa a coci cewa Malam Kefas zai tafi Garwa a jirgin sama, a sa shi a addu'a. Kafin Laraba saƙo ya fara isowa Jushi. A wurinmu ba a tafiya hannu biyu zuwa garin da wani yake da ɗan'uwa, kuma ba a cewa a'a ga mai kawo saƙo. Ka miƙa hannu ka ce na karɓa, daga nan ya zama amana a wuyanka har ka sauke ta a hannun mai ita. Zumuntar mata suka kawo yajin jego da kanwa da daddawa. Wata tsohuwa daga unguwar Jama'a ta kawo acca, ta ce a ba Jemimah ta yi kunu don nono. Wani malamin makaranta ya kawo citta rabin buhu don surukinsa, aka kawo zuma a galan, aka kawo busasshiyar kuɓewa, da ridi, da ƙuli-ƙuli. Mutanen da ba a taɓa sanin suna da kowa a Kamaru ba suka tuno da 'yan'uwa. Bibiana ta kawo jarkar manja ta ajiye a tsakiyar falo da ƙarfin wadda ta san ita ta samo kujerar. A gefe guda kuma, nannaɗe cikin tsohon bargo, ga kan keken ɗinki da Kefas ya yi wata biyu yana gyara wa 'yarsa, ya sake masa duk abin da ya ci, ya goge shi har baƙin fentin yana ɗaukar ido.

Othniel yana zuwa duk bayan kwana biyu, ya zauna a falon, idonsa na yin abin da ya saba. Ba ya buƙatar sikeli. Ya ga tulin ya wuce ashirin, ya wuce arba'in, ya wuce sittin. Ya san Kefas. Ya san ba zai ɗauki nasa ya bar na mutane a ƙasa ba, kuma ba zai zaɓi saƙon wani ya bar na wani ba. In aka tsayar da shi a gaban sikeli da safiyar tafiya, babu lokacin mayar wa kowa da nasa, cewa zai yi ya fasa. In ya fasa, kujera ta sake raguwa. Othniel bai taɓa jera wannan tunanin a fili ba, ko a gaban kansa. Barinsa ya yi yana tsiro a gefe, kamar ciyawar da manomi ya gani ya ɗauke kai.

Sau ɗaya Kefas ya tsaya a kan tulin yana sosa ƙeya, ya tambaye shi anya jirgin zai ɗauki wannan duka.

"Jirgin da ke ɗaukar buhunan iri?" in ji Othniel.

Kefas ya yi dariya ya ce haka ne fa. A hanyar komawa Samaru Othniel ya yi ta gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba, tambaya ya yi.

Ana gobe tafiya da la'asar Edith ta same shi yana guga, ya fito da farar rigarsa ta zuwa biki, fasfo da katin allura suna kan gado. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta tambaye shi wa zai yi tafiyar, shi ko Baban Jemimah. Ya ce rigar ce ta daɗe a akwati. Ta ce to, ta koma wajen tukunyarta.

Ƙarfe shida da rabi na safe a-kori-kura ta kawo Kefas da kayansa. Bibiana da matan zumunta uku sun biyo shi rakiya, mai gadi ya tsayar da su a ƙofar fili, motar kaɗai ta shigo. Rana ba ta gama fitowa ba amma kwanon rumfar ya fara ɗumi. Kefas ya hau sikeli yana riƙe da kafaɗar Othniel, aka samu saba'in da ɗaya. Aka rataya kaya ɗaya bayan ɗaya. Othniel yana kira yana rubutawa. Tamanin da uku.

Lanre ya karɓi takardar ya duba, ya dubi tulin, ya dubi Othniel, ya tambaye shi ko bai gaya wa Kefas ba ne. Othniel ya shiga neman murfin alƙalaminsa. Sai Lanre ya durƙusa gaban Kefas ya yi masa bayani da girmamawa. Kilo goma sha tara kaɗai zai iya ɗauka. Ba a rage mai, domin sai sun sauka Kano an buga musu hatimin fita sannan su miƙe, kuma buhunan iri su ne dalilin tafiyar. Ya ce kan keken sha uku ne, jakar tufafi huɗu, ya ɗauki waɗannan biyun su tafi, sauran a san yadda za a yi da su daga baya.

Kefas ya zauna a kan buhun citta ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce mutum goma sha huɗu ya miƙa wa hannu ya ce na karɓa. Da wane ido zai shiga Garwa rungume da nasa, ya ce wa ƙanen Bibiana na yayarsa yana ƙasa a Zariya? Ya ce su tafi kawai, a gaishe masa da Jemimah, a ce ƙugun ne ya tashi.

Abin ya zo daidai yadda Othniel ya auna shi, ko giram bai kauce ba. Ya sa hannu a aljihun farar rigar, ya ce da ƙaramar muryarsa, in haka ne kada kujerar ta tafi a banza. Ya fito da fasfon.

Lanre ya kama hannunsa ya ja shi ƙarƙashin fiffike. Ya buɗe baƙar jakar da kullum yake rataye da ita, ya nuna masa wata takarda mai hatimi biyu. Ya ce jirgin da ba na haya ba ba ya shiga ƙasar mutane sai da izinin sauka, kuma izinin da sunaye yake zuwa. Tun sati biyu aka aika wa Kamaru sunan kowa da lambar fasfonsa, su ma jami'an shige da fice na Kano wannan takardar za su bi layi-layi. Canza suna ɗaya sai a sake nema, kwanaki ke nan.

"Baba, in Baba Kefas bai hau ba, iska zan ɗauka a kujerar nan."

Shekara shida Othniel yana zaune taku uku daga wannan jakar. Ya san nauyinta, kilo biyu da ɗigo huɗu. Bai taɓa tambayar abin da ke cikinta ba.

Da ya juyo, Kefas na kallonsa. Ba fuskarsa yake kallo ba, rigar yake kallo, da karin gugar da ke hannunta, da koren littafin da ke tsakanin yatsunsa.

"Oti, tun yaushe ka san da sha taran nan?"

"Sati uku."

"Har ranar da na tambaye ka a falo?"

"Har ranar."

Kefas ya gyaɗa kai, ya dubi ƙasa. "Da ka ce mini kana so har haka..."

"Da ka bar mini. Na sani. Shi ya sa ban ce ba."

Mutanen kamfanin biyu suka ga ya kamata su je duba tayar jirgi. Lanre ya dubi agogo ya ce minti ashirin yake da su, in rana ta ƙara ɗagawa ko sha taran ma sai an rage.

Othniel ya mayar da fasfon aljihu, ya naɗe hannun farar rigar. Ya aiki direban motar ya karɓo ledoji da gorunan ruwa marasa komai wajen mai shayin bakin ƙofa. Ya ce wa Kefas ba wanda za a bar saƙonsa a ƙasa, daga kowanne za a ɗiba, kilo ɗaya-ɗaya, kowa ya isa Garwa da sunansa. Sauran shi zai mayar wa masu shi da ƙafarsa, gida-gida, kuma shi zai faɗi dalili. Kefas ya yi lissafi da yatsu. Sha huɗu na mutane, huɗu na jaka, ɗaya na zanen goyo da 'yan rigunan jariri. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kan keken a cikin bargonsa, ya kai shi gefen tebur ya ajiye da kansa. Bai dubi kowa ba.

Ban taɓa jin an ce hannun Othniel ya yi sauri irin na wannan safiyar ba. Ya kwance, ya ɗiba, ya rataya, ya rage 'yan ƙwayoyi, ya ƙulle, ya rubuta suna. Acca, citta, daddawa, ridi. Ya tsiyaya zuma a gora bai zubar da ɗigo ba. Manjan ne kaɗai ya ci amanarsa, ya fantsama a gaban farar rigar tun daga aljihu har ciki. Cikin minti goma sha takwas ƙulli goma sha huɗu suna jere a tebur kamar samfuran gonar gwaji. Shi ya tallafi Kefas ya hau, shi ya ɗaura masa bel. Kefas bai ce masa sai na dawo ba, shi ma bai ce a sauka lafiya ba. Jirgin ya gudu a kan titinsa, ya ɗaga, ya karkata wajen arewa. Othniel bai tsaya kallo ba. Ya shiga loda ragowar kayan a mota.

A ƙofa matan suna nan suna ɗaga wa sama hannu. Da Bibiana ta hango jarkarta a bayan mota sai hannunta ya sauko. Othniel ya fito ya gaya musu abin da ya faru, da yadda ya sani, da tun yaushe. Bai rage ba bai ƙara ba. Bibiana ta dube shi sama da ƙasa ta ce wannan rigar kuma ta zuwa ina ce, Malam, ko Garwa ta matso Samaru ne ba a gaya musu ba? Ta ce tsoho da furfura yana ƙyashin gurgu. Ta ce manjan da ya ɓata rigar kyauta ta ba shi, kada ya wanke. Kwana biyu ya yi yana zaga Jushi da Jama'a da PZ, yana sallama, yana ajiye kaya, yana maimaita magana ɗaya sau goma sha huɗu. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta. Tsohuwa mai acca ba ta gane ba, ta yi ta yi masa godiya.

Ranar Juma'a jirgin ya dawo. Othniel bai san ko Kefas zai yi masa magana ba, amma Asabar da hantsi ya ɗauki kan keken ya kai shi Jushi. Ya same shi a gindin mangwaro. Kefas ya nuna masa benci. Ya ce yaron yana da kunnuwan kakarsa. Ya ce kowa ya karɓi ƙullinsa, har ƙanen Bibiana ya ce bai taɓa ganin saƙo da suna da nauyi a rubuce ba. Ya ce Jemimah ta sa kafinta ya yi tebur, ta share kusurwar ɗaki ta ajiye shi, ta gaya wa maƙwabta babanta na zuwa da keke. Nan ya tsaya. Othniel ya ce akwai direban babbar mota da ke zuwa Yola, zai nemi yadda za a yi. Kefas ya ce a nema.

Ya kamata Othniel ya tashi a nan. Amma abin ya fi ƙarfinsa, ya tambaye shi me ya gani daga sama.

Kefas ya ce bai ga komai ba. Tun da injin ya tashi ya rufe ido, yana karanta Zabura a zuci, bai buɗe ba sai da taya ta taɓa Kano. Daga Kano ma haka, dawowa ma haka. Ya ce ga shi gobe fasto ya ce ya ba da shaida a coci, bai san abin da zai faɗa ba.

Sai Othniel ya fara magana, da abin da ya tara daga bakin Lanre da taswirarsa a shekara shida. Ya gaya masa yadda duwatsun Birnin Kudu suke daga sama, kamar shanu sun kwanta. Yadda Gongola ke rarrafe cikin farin yashi a watan Afrilu, siririya kamar zaren da aka yar. Yadda tafkin Dadin Kowa ke walƙiya ta hagu. Ya ce iyakar kanta ba a ganin ta, babu layi babu shinge, gona ce ke bin gona, sai dai ka ji muryar da ke cikin rediyon matuƙi ta sauya, wani ya gaishe ku da Faransanci, shi ke nan kun ƙetare. Daga nan sai Binuwai ta buɗe a gabanku, garin yana kwance a bakinta. Kefas ya saurara baki buɗe, ya ce ashe haka wurin yake da kyau.

An sayar da jirgin bayan shekara biyu, kamfanin ya koma aika mutanensa ta mota, Lanre ya tafi Legas. Kujera ba ta sake raguwa ba. Abokan biyu sun ci gaba da zama a bencin PZ, ko da yake an ɗauki lokaci kafin Kefas ya koma kiransa Oti.

Amma wannan Lahadin ita mutane suka fi tunawa. Kefas ya tsaya a gaba da sandarsa, ya buɗe muryar nan tasa da ba ta tsufa ba, ya ɗauki jama'a ya tashi da su. Shanun dutse, zaren kogi, gaisuwar Faransanci a cikin iska. Mata suna cewa amin, wata tana share hawaye, wani dattijo a baya ya ce Malam Kefas akwai ido. Othniel yana layi na uku kusa da Edith, leɓunansa suna motsi, suna riga mai shaidar isa kowace kalma. Da aka zo Dadin Kowa, Kefas ya miƙa hannu ya ce ga tafkin nan shimfiɗe ta dama.

"Hagu," in ji Othniel. Bai yi niyyar ta fito da ƙarfi haka ba.

Kefas ya tsaya, ya dube shi, ya sauya hannu. "Hagu. Na gode, Malam."

Cocin ya ɗauki dariya, wai wanda bai je ba yana gyara wa wanda ya je. Kefas ya jira ta lafa, sannan ya ci gaba zuwa Binuwai.